Kafin a Ɗora wa Batir Laifi

  Yau maganar babur za mu taɓa. Ba ta tsadarsa ba, ba kuma ta gudun ganganci da samari ke yi da shi ba. Maganar wutarsa ce, wato caji, da yadda ake gano inda cuta take idan batir ya riƙa mutuwa.

Kusan duk mai babur ya san irin wannan safiya. Ka fito da mashin, ka murɗa makulli, ka danna sitata, sai ka ji ƙas-ƙas, shiru. Hon ya fito a shaƙe. Sigina ta kama, ta ƙi ƙiftawa. Ka buga kik ya tashi lafiya lau, ka nufi wurin mai gyara ka ce masa, "Oga, batirin nan fa ya mutu." Shi kuma ya ce, "To Alhaji, sai a sa sabo." A sa sabo, a biya, kowa ya kama gabansa. Bayan 'yan makonni sai ga ka kana sake buga kik. Daga nan sai a yanke hukunci: ai batiran yanzu duk jabu ne.

Akwai jabu a kasuwa, ba mai musu. Amma ku lura da abu guda a cikin wannan ciniki: da mai babur da mai gyara, babu wanda ya auna komai. Kai ka zo da sunan cutar a bakinka, shi kuma ya sayar maka da maganin da ka nema. Ni a ganina, batira da dama da ake jefarwa ba mutuwar kansu suka yi ba. Rashin caji ne ya kashe su, ko yawansa, kuma abin da ya kashe na farko yana nan zaune a jikin babur yana jiran na biyu.

A nan garin Potiskum matsalar tana da wani tushe na daban. Tun farkon 2012, zamanin Gwamna Ibrahim Gaidam, aka hana hawa babur saboda rikicin Boko Haram, Keke Napep ya cike gurbin. Sai a watan Maris na 2023 gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗage dokar a ƙananan hukumomi 10, ciki har da Potiskum da Nangere da Fika da Fune. Shekara 11 ke nan. Yaron da aka kai koyon aiki a wancan lokaci, a ƙarƙashin keke ko tirela ya girma, ba a gefen babur ba. Tsofaffin kanikawan babur kuwa dole ta sa suka nemi wata hanyar abinci. Ba a jima da ɗage dokar ba, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, masu mota da yawa suka jingine ta suka koma babur. Har waɗanda suka shekara da shekaru a zaure ko a ɗakin ajiya aka kakkaɓe aka fito da su, da tsatsarsu da wayoyin da ɓera ya taɓa. Babura sun dawo da gudu, hannun da ya ƙware a kan wutarsu kuwa a hankali yake dawowa.

To bari mu fara da yadda abin yake aiki, don wanda ya gane wannan ya gama rabin gyara. Batir ba ya ƙirƙirar wuta. Rumbu ne, abin da aka zuba masa shi yake ajiyewa. Gonar tana cikin inji. Idan aka buɗe murfin gefen inji za a ga wani kwano na ƙarfe mai maganaɗisu a cikinsa, shi ne magineto, yana juyawa tare da injin. A cikin kwanon akwai kwayil, wato wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe. Duk lokacin da maganaɗisu ya gifta ta gefen wayar sai wuta ta samu, abin da Michael Faraday ya gano a Ingila tun 1831, kuma a kansa janareta da madatsar Kainji suke tafiya har yau. Sai dai wutar da kwayil ke bayarwa mai kai-da-komo ce, kuma ba ta da linzami, yadda ka ƙara totur haka take hawa. Batir ba ya karɓar irin wannan. Shi ya sa aka sa rektifaya a tsakani, ɗan akwatin nan mai haƙarƙari a bayansa. Aikinta biyu: ta miƙar da wutar ta bi hanya ɗaya, ta kuma tsayar da ita kada ta wuce kima. Daga nan sai wayoyi da soket da fiyus su kai ta batir, ta koma ta jikin ƙarfen babur. Idan ka tarar da rumbu fayau, ko dai gona ce ba ta yi ba, ko an zubar a hanya, ko wani abu na ci a ɓoye, ko kuma rumbun ne ya huje. Wanda ya rushe rumbu ya gina sabo alhali gonar ce ta ƙi, ya yi aikin banza, ya kuma yi asara.

Ƙananan baburan da muke hawa, irin su Boxer da Jincheng da Haojue, suna da wata yaudara. A yawancinsu wutar filogi daga wani kwayil na daban take fitowa, babu ruwanta da batir. Babbar fitila ma kai tsaye daga kwayil take sha, shi ya sa kake ganin tana dushewa idan inji na silo, ta yi haske idan ka ba shi wuta. Batir aikinsa hon ne, da sigina, da fitilar birki, da sitata. Saboda haka mutum na iya yin watanni yana hawa da kik, cajinsa a mace, bai sani ba. Idan ka ce masa babur ɗinka ba ya caji, sai ya ce, "Haba Malam, ka ga hasken fitilata da dare kuwa?" Hasken nan ba shaida ba ne. Ga yadda za ka san irin naka: murɗa makulli, kada ka tada inji, kunna babbar fitila. Idan ba ta kama ba sai inji ya tashi, naka irin wanda na faɗa ne. Idan ta kama tun inji na kwance, to daga batir take sha, kuma irin wannan yakan bar mutum a hanya ranar da caji ya yanke.

Yanzu sai kayan aiki, kuma guda ɗaya ne tak: mita. 'Yar ƙaramar nan da kuke gani a teburin masu gyaran waya da rediyo, mai igiya biyu, ja da baƙa. Kuɗinta bai kai na batir ba. A juya ta zuwa inda aka rubuta DC, a kan lamba 20. Jar igiya a kan batir mai alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ɗebewa. Awo uku za a yi, kuma mai biro a kusa ya rubuta lambobin.

Na farko, babur na kwance, ya huta na 'yan sa'o'i, da safe ya fi. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Idan ya nuna 12.4, ya ragu amma da sauransa. Idan ya sauko 12 daidai ko ƙasa, ya kusa ƙarewa. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. An rubuta 12 a jikin batir, mita ta nuna 12, sai a ce ai lafiyarsa ƙalau. Ba haka ba ne. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne na ba da bolt 2 da 'yan kai, shi ya sa cikarsa ta haura 12. Idan kuwa an yi masa caji sosai amma ya tsaya wajen 10 da rabi, ɗaki guda ya mutu, ba kuma ya tashi. Sai dai a kula: batirin da ya sauka, a fara yi masa caji ya cika kafin a ci gaba da sauran awon, don wanda ba shi da komai a ciki yakan sa mita ta yi wa sauran kayan ƙazafi.

Na biyu, mita na kan batir, a danna sitata ido na kan lamba. Dole ta sauka, amma bai kamata ta faɗi ƙasa da 10 sosai ba, a ce 9 da rabi shi ne iyaka. Batirin da ke nuna 12.6 a kwance, amma da an danna sitata ya rufto zuwa 6 ko 7, wannan ya gama aiki. Shi ne wanda aka kama da laifi dumu-dumu, a canza shi ba tare da wata-wata ba. Amma ko shi ɗin, kada a tafi sai an yi awo na uku, don a san ko tsufa ne ya kashe shi ko wani abu ne.

Na uku shi ne uban tafiyar. A tada inji, a kunna fitila, a ja totur zuwa tsaka-tsaki a riƙe. Lafiyayyen caji yana nuna 13.5 zuwa 14.5. Bari in maimaita: 13.5 zuwa 14.5. Idan inji na silo lambar ta yi ƙasa, ba abin damuwa ba ne a ƙaramin babur, muddin tana hawa idan an ja totur. Idan ta kafe a 12 da 'yan kai ta ƙi motsi, ko ma tana raguwa, wuta ba ta isa batir. Idan kuma ta haura 15 tana ci gaba da hawa yadda ka ƙara totur, wuta ta yi yawa, rektifaya ta saki linzami. Cikin minti biyar, ba a kwance noti ko ɗaya ba, an san ɓangaren da za a dosa.

Mu ɗauka wuta ba ta zuwa. A nan ina roƙon kanikawanmu, kada a yi tsalle zuwa kayan tsada. A fara da na banza. Dubi kan batir: akwai farin gari ko kore da ya taru? Notin ya yi sako-sako? A wanke da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. Dubi fiyus, da gidan da yake zaune, don sau da yawa fiyus ɗin lafiyarsa lau, ƙarafan da ke riƙe da shi ne suka yi tsatsa. Sannan a bi wayar da ta fito daga inji zuwa soket ɗin farko, a zare shi a leƙa. Idan robar ta yi ruwan ƙasa ko ta narke, an kama ɓarawo. Haɗin da bai zauna daram ba yana yin zafi, zafi na ƙara sassauta shi, har ya ƙone. Ƙurar hunturu na shiga, ruwan damina ya biyo baya ya kwaɓa ta, mai wankin babur kuma ya zo da bututunsa mai ƙarfi ya tura ruwan har inda bai kamata ba. Sai wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen babur, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Ita ce aka fi mantawa da ita, kuma tsatsa kaɗan a ƙarƙashin notinta ta isa ta sa a zargi kwayil da rektifaya da batir gaba ɗaya.

Akwai dabara mai sauƙi a nan. Inji na aiki, a auna a bakin rektifaya inda wuta ke fita, sannan a auna a kan batir. Idan can 14 ne, nan kuma 12 da rabi, to wutar a hanya take zubewa, kayan ba su da laifi. Wani lokaci wayar takan tsinke a cikin rigarta, daga waje ba a ganin komai, musamman a wuyan babur inda ake juya kai dama da hagu. Babur ɗin da ke ɗauko buhu daga ƙauye kowace Laraba a kan hanyar burji mai gargada, dole wayoyinsa su ji jiki. A riƙa motsa su da hannu ana kallon mita. Inda lamba ta yi tsalle, nan ne.

Idan wayoyi sun fita daga zargi, sai kwayil. A zare soket ɗinsa, a mai da mita kan AC, a tada inji a auna wayoyin da suka fito daga gare shi. Lafiyayye zai ba da wuta tun a silo, ta riƙa hawa da totur har ta kai bolt gomomi. Wanda bai ba da komai ba, ko ya ba da kaɗan ya tsaya, a buɗe murfi a duba. Ƙonannen kwayil ba ya ɓuya: ya yi baƙi, ga ƙauri.

Amma ga wani tarko da nake so masu gyara su ji da kyau, musamman waɗanda suka saba da manyan injuna. A manyan babura wayoyi uku ne masu ruwan ɗorawa ke fitowa daga kwayil. Duk biyun da ka auna a cikinsu dole su ba da lamba ɗaya, kuma babu wadda ya kamata ta haɗu da jikin inji. Idan ta haɗu, kwayil ya lalace. To a ƙananan babura da yawa ba haka aka ƙera ba. Da gangan aka ɗaure ƙarshen wayar kwayil a jikin inji. Wanda bai sani ba sai ya ɗora mita, ta yi ƙara, ya ce, "Maigida, kwayil ya yi shot," a cire lafiyayye a jefar. Baburan China da yawa tsarin launin Honda suka bi: ja ta batir, koriya ta jiki, mai ruwan ɗorawa ta fitila, fara ta caji. Bajaj da TVS na Indiya kuwa da nasu tsarin, don haka kada a ɗauki launin wancan a yanke wa wannan hukunci. Game da naɗin kwayil na gida, ba na kushe shi. Akwai masu naɗi da aikinsu ya fi wani sabon na kwali ƙarko. Amma na gari shi ne mai ƙirga zagaye yana warware tsohuwar waya, ya kuma sa mai kauri irin nata. Mai naɗi da ka, wutarsa ko ta gaza ko ta wuce.

Idan kwayil na bayarwa, wayoyi na kaiwa, amma batir bai samu ba, saura rektifaya, kuma sai a lokacin ya halatta a saye ta. A tafi shago da tsohuwar a hannu, a faɗi sunan babur. Akwai rektifayoyi masu baki huɗu da kamarsu ɗaya, soket ɗinsu ɗaya, amma cikinsu daban. "Ai ta shiga" ba hujja ba ce. Kuma a san cewa zafi ne ajalinta. Irin da ke kan yawancin babura, rarar wutar da ba a bukata zafi take zama a jikinta, shi ya sa aka yi mata haƙarƙarin nan aka kafa ta inda iska ke bugawa. A garin da zafin Maris zuwa Mayu ke haura digiri 40, sai ka ga an lulluɓe babur da darduma da leda don ado, an rufe ta ruf, ko an ɗauke ta an cusa ƙarƙashin kujera. Wannan kisa ne da hannu.

Yawan caji kuwa yana da alamun da ko ba mita za a gane. Ƙwan fitila na ƙonewa a kai a kai. Ruwan batir na ƙafewa da wuri. Batirin ya yi zafi, cikinsa ya kumbura, wani lokaci har da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Mutum sai ya yi ta sayen ƙwai yana tsine wa mai shago, alhali rektifaya ce ke aiko musu da wutar da ta fi ƙarfinsu.

Saura wanda duk awon nan uku ya ci, amma idan babur ya kwana biyu a ajiye sai batir ya sauka. Wannan wani abu ne ke sha a ɓoye. A kashe makulli, a cire wayar ɗebewa daga batir, a mai da mita kan awon ƙaramar wuta, a sa ta tsakanin wayar da kan batir. Ya kamata a ga sifili ko dab da shi. Idan akwai abin da ke tafiya, a riƙa zare kayan ƙari ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Galibi ba a nisa: cajar waya ce da aka jona kai tsaye a kan batir, ko 'yar rediyo, ko ƙararrawar ɓarawo. Ba na ganin laifin mai cajin waya a babur, da yadda wutar gari take. Amma mu yi lissafi. Batirin ƙaramin babur mai sitata wajen amfiya 5 yake ɗauka. Abin da ke shan miliamfiya 20 kacal ba dare ba rana zai tatse shi tas cikin sa'a 250, kwana 10 ke nan da 'yan sa'o'i, kuma tun kafin rabin haka sitata za ta daina juyawa. Maganin shi ne a jona cajar a bayan makulli, yadda in an kashe babur ita ma ta mutu. Fitilun ƙari kuwa, masu ƙyalƙyali da masu kashe ido, a tuna kwayil ɗin ƙaramin babur ba don su aka auna shi ba.

Wani lokaci ma babu abin da ya lalace, hawan ne. Sitata na zuƙar amfiya gomomi cikin daƙiƙa kaɗan, caji kuwa da kaɗan-kaɗan yake mayarwa. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa masallaci ce, zuwa shago, zuwa majalisa, kowace tsayawa ya kashe, kowane tashi ya danna, ga kuma sabon salon kashe inji a gangara don tsimin mai, yana ɗiba fiye da yadda yake zubawa. Irin wannan ya riƙa buga kik, musamman tashin farko da safe, ya kuma ba babur doguwar tafiya lokaci-lokaci. Wanda zai ajiye babur na makonni kuwa ya cire wayar batir, don batirin da ya daɗe a sauke wani farin gishiri ne ke kama farantansa, ya daina karɓar caji.

Maganar masu cajin batir, ita ma ta garin nan ce. Potiskum gari ne na manyan motoci, kowa ya sani, kuma injinan caji da yawa don batirin tirela aka tanade su, mai amfiya 100 zuwa sama. Ƙa'idar caji ita ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batir. Na amfiya 5, rabin amfiya yake so, na wajen sa'a 10. Idan aka ce a ba shi na gaggawa Alhaji na sauri, aka ɗora shi a kan wutar babban batir, dafa shi aka yi. Zai tada babur yau, amma an rage masa kwana. Sabon batir ma da ake zuba wa ruwa a shago, a bar shi ya huta kamar rabin sa'a ya sha, a yi masa caji, sannan a ɗaura. Idan ruwa ya ragu daga baya, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba, ba na leda ba. Wanda aka rufe ruf daga kamfani kuwa ba a buɗe shi.

Akwai gwaje-gwajen gargajiya da ya kamata a bari. Karta waya a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi ba ya gaya maka 12 ne ko 16, yana dai iya ƙona rektifaya. Cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu, a babur mai kik ba ya nuna komai, don da ma ba da batir yake tafiya ba, kuma wutar da za ta yi tsalle a lokacin tana iya cinye ƙwayaye. Jona babur da mota tana aiki haɗari ne, da tirela kuwa, mai bolt 24, ba a ma magana. Fiyus ɗin da ya ƙone aka maye shi da zaren waya ko takardar kwalin taba, an cire mai gadi ne, ga tankin fetur a saman wayoyin. Batirin da ke kan caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, a nisanta shi da taba da tartsatsi. In za a cire shi, a fara da wayar ɗebewa, in za a mayar, ita ce ta ƙarshe.

Tsohon batir kuma ba abin wasan yara ba ne. Tun da Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, dalma da asid ne a cikinsa. Mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. Kada a fasa shi a tsakar gida, a miƙa shi ga masu saye yadda yake.

Na sha jin ana zargin kanikawa da son sayar da kaya, amma a yi adalci. Mu masu babur ba ma biyan kuɗin bincike. Idan bakanike ya yi rabin sa'a yana awo, ya gano noti ɗaya ne ya kwance, ya ɗaure, sai mu ce, "Ai ba ka sa komai ba," mu miƙa masa na shan ruwa. Idan ya canza batir kuwa, a nan take za mu ƙirgo dubbai ba gardama. Mu muka koya masa inda abincinsa yake. Don haka in ka je gareji, kada ka ce batir ya mutu. Faɗi abin da ka gani: yaushe ya fara, da safe ne ko bayan tafiya, ƙwai na ƙonewa ko a'a, me aka jona kwanan nan. Ka ce, "Oga, a auna mini tukuna, zan biya kuɗin awo." Ku kuma iyayen gida a gareji, ku sa mita a hannun yaranku tun suna wankin noti, su haddace lambobin nan uku. Idan an gano abin an canza, ko rektifaya ce ko kwayil ko soket, kada a mai da murfi sai an sake ɗora mita a kan batir a gaban mai babur, inji na aiki, fitila a kunne, an ga ta zauna tsakanin 13.5 da 14.5.